Ku Zuba Gyaɗa a Ɗakin

Briqueterie, Yawunde.

Zuwa ga Yaya Rashidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Mokolo. Allah ya ƙara wa Inna ƙarfin jiki. Mu nan sai godiya. Ƙafata dai tun haɗarin babur ɗin nan ba ta taku, amma keken guragu yana kai ni har bakin taksi.

Saƙonka ya iso, wai an share mini ɗaki in dawo gida in huta. Gaskiya raina ya ɓaci, Yaya. Bakinku ya zo ɗaya da shugaban sashenmu a jami'a, wanda ya ce malamar ilimin duwatsu da ba ta iya hawa dutse ta gama aiki, kuma in ɗalibaina 'yan shekarar farko suka faɗi jarrabawar gane duwatsu, zai ba wani malami ajin. Na ce masa ya sa ido, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu da majigi nake kai su daji. Bidiyon da ka ɗauko mana a tsaunukan Rumsiki nake haskawa a bango, mu yi tafiya mu tsaya, ina nuna musu inda dutse ya tsage da inda ruwa ya ci shi. Sai dai ka ba ni kunya. Ka matso da waya kan wani ɗan dutse ba ka ajiye komai a gefensa ba, har wata ɗaliba, Mu'mina, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa hawa ƙololuwarsa. Ka koma ka sake, kowane dutse ka ajiye hularka kusa da shi don a gane girmansa. Ido kuma ba ya jin nauyi ko kaushi, saboda haka ka cika buhu da duwatsun wurin, baƙi da fari da mai ƙyalli, ka ba Adamu direban motar shanu. Maigidana zai karɓa a kasuwar Etoudi.

Ɗakin nan kuwa, ku zuba gyaɗa a ciki, ni ba na zuwa. Ƙafa ce ta karye, aji kuwa nawa ne, ba zan miƙa shi da hannuna ba.

Ka gaishe mini da matarka Rahama da autanku Gali. Ka ce wa Inna addu'ar cin jarrabawa nake so, ba ta dawowa gida ba.

Ƙanwarka,
Adawiyya.