Ranar da Na Faɗi Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, na zo miki da labarin da ya kamata a ce a tsakar gida nake ba ki shi, kina tsintar shinkafa kina gyara mini zance.

Inna, kin san yadda aikinki ya sha jawo mana surutu a garin nan. Ƙuruciyarki duka a ɗakin gwajin jini na asibiti kika ƙarar da ita, har ma'aikata suka laƙaba miki suna Hajiya A-Sake. Kwalbar jini ta zo babu cikakken suna, a sake. An ɗiba daga hannun da ake yi wa ƙarin ruwa, a sake, domin kin ce ruwan za a gwada ba jinin ba. An ajiye ta a bakin taga rana ta dafa ta, a sake. Kuma ke ɗin ce dai mai tayar da jijiyar wuya idan likita ya sa a yi ta huda majiyyaci kullum babu dalili. Cewa kike jinin mutum ba ruwan Kainji ba ne da za a yi ta kamfata.

Ina tuna wata mai bandar kifi a kasuwar Yelwa da ta tare ni ina budurwa, ta ce uwata ta sa an soki ɗanta har sau biyu. Na dawo gida ina huci. Ko a jikinki. Kika ce, "Ɗiyata, jini bai da huska. In ya shiga kwalba, na attajiri da na masunci duk ja ne." Na murguɗa baki na shige ɗaki.

Akwai kuma dokar nan taki da nake ganin tsabar fitina ce. Ba a tambayar majiyyaci, kai ne wane? Kin ce wanda ciwo ya kayar ko sunan jaki aka kira zai amsa. Sai dai a ce masa ya faɗi sunansa da bakinsa. In ba ya iya magana, nasa ya faɗa, a rubuta a jikin kwalbar nan take a gefen gado, ba sai an fita ba.

To, Inna, dokar taki ta zo har kaina.

Takwararki Ummi ce, 'yar farina, wadda kika bari tana firamare. Tana aure yanzu a wani ƙauyen masunta a bakin ruwa, can ɓangaren Ngaski. Ta haihu da hantsi, jini ya ɓalle. Aka sako ta a jirgin ruwa mai inji, daga bakin ruwa aka sa ta a mota. Ko da na iske ta a asibiti, tafin hannunta ya yi fari fat, idonta a rufe, ina kira ba ta amsawa. Mijinta Sani da ya kawo ta, Ummi kawai ya ce wa ma'aikatan sunanta, shi ma sunan da ya saba ke nan. Aka ɗebi jini a gurguje don a san irin wanda za a ƙara mata, shi kuma ya ruga nemo 'yan'uwansa masu bayarwa. Ya rage daga ni sai ita.

Can sai ga Rifkatu. Kin tuna ta, 'yar Kambarin nan da kika koya wa aiki, wadda kike sa wa kuka kan rubutun kwalba? Yanzu ita ce babba a ɗakin gwajin, har da furfura. Ta shigo da kwalabe biyu a hannu, kowace an rubuta mata Ummi. Ashe matar da ke gadon kusa da mu, wadda aka kawo daga Shanga, ita ma sunan kakarta ta ci, ita ma Ummi ake ce mata.

Rifkatu ba ta tsaya neman mai laifi ba. Ta ɗaure hannun Ummin tamu, ta soka sabuwar allura, ta dube ni ta ce in faɗi sunanta na yanka.

Inna, bakina ya yi nauyi. 'Yar fari ce, kuma sunanki ne. Tun da na yi wayo ban taɓa furta shi ba, ko ƙawa mai irin sunan na yi sai na sake mata wani. Haushi ya kama ni, na ce mata ai ta sani, da ita aka ci tuwon sunan yarinyar nan. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Amma ba daga bakina za ya hito ba. Haka Hajiya ta koya man."

Sai na faɗa. A gaban nas-nas da 'yan jinya, da muryar da ban san tawa ce ba, na faɗi sunanki, na haɗa da na mahaifinta. Rifkatu ta rubuta a gabana, ta nuna mini, ta fita da gudu.

Kafin la'asar aka rataya mata jinin da ya dace da ita. Ina zaune ina kallon leɓenta yana dawowa hayyacinsa. Daga baya na ji cewa jinin Ummin Shanga da na tamu ba iri ɗaya ba ne. Da an bi kwalbar farko an yi canki-canka, Allah kaɗai Ya san wadda za a rasa. Dukansu biyu sun koma gida da ƙafarsu, tamu da ɗanta namiji a goye.

Na yi kuka ranar nan, kuma rabinsa na kewarki ne. Ina alfahari da ke, Inna. Ba kya nan, amma taurin kanki na nan yana zagaya gadaje da farar riga. Har ƙananan ma'aikatan da ba su taɓa ganinki ba na ji suna ce wa juna a sake.

Sunan kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗaya ya fita, ya yi aikinsa, na mayar da shi inda na saba ajiye shi. Ki yafe mini rashin kunyar.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa duk ran da aka ceta ta dalilin koyarwarki ya zama nauyi a mizaninki. Ya saka wa Rifkatu da alheri, Ya raya tattaɓa-kunnen da kika tsare masa uwa.

Taki,
Asabe