Na Sa Yayana Karatun Takarda, Na Kashe Shirinmu

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni. Na yi ɓarna da hannuna, na kuma rasa ta inda zan fara gyara.

Yayana makanike ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai daɗin baki, in yana bayanin abin da ke damun mota sai ki rantse zancen wata tsohuwa mai ciwon gwiwa yake yi. Shekara biyu da suka wuce na lallaɓa shi muka fara fodkas, irin shirin nan na murya da ake saurare a waya. Ni ce mai ɗauka da tacewa, shi ne mai magana. A garejinsa muke yi duk Asabar, wayata a jingine da gwangwanin giris, shi yana zaune kan tsohuwar taya. Direbobi su turo tambaya da murya, wani har ya kara wayarsa a jikin inji don Yaya ya ji ƙarar, shi kuma ya amsa yana tsokanarsu. Ba mu yi wata shida ba muka haura masu saurare dubu uku.

Daga nan kaina ya fara kumbura. Na shiga sauraron shirye-shiryen manya, sai namu ya koma abin kunya a kunnena. Na ce ƙarar sifana da guduma hayaniya ce, na mayar da mu falona, na rufe tagogi. Na sa dogon kiɗan buɗewa da gaisuwa da roƙon a yaɗa mu, sai an ci minti huɗu kafin a taɓa zancen mota. Saƙonnin direbobi na daina sa su, wai muryarsu ba ta fita tas. Ranar fitar shiri ma ta koma sai yadda ta yiwu, don ina zaune ina yanke kowane tari da kowace dariya. Wani lokaci mako uku shiru.

Mafi muni, na fara rubuta masa abin da zai faɗa. Anti, Yaya bai yi nisa a boko ba, barin makaranta ya yi don ni in yi. Karatu yana yi masa nauyi, kuma na sani sarai. Mutumin da ke zuba kamar famfo ya koma bin layi da yatsa. Mutane suka yi ta zarewa, ni kuwa na ɗauka rashin manyan baƙi ne, sai na gayyato wani malamin injiniya. A gaban baƙon nan na sa Yaya ya maimaita jimla ɗaya sau bakwai, ƙarshe na karɓi takardar na karanta masa yadda ake yi. Ya gama shirin, ya raka baƙon bakin mota, bai dawo ciki ba.

Wata huɗu ke nan. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Muna gaisawa, yana tambayar aiki, amma tsokanar da ya saba yi mini ta ƙare, yana yi mini magana kamar wadda ta kawo gyaran mota. Matarsa ta ce ko sunan shirin ba ya son a ambata. Masu saurare yanzu ba su kai ɗari biyu ba, amma wallahi ba su ne suka hana ni sukuni ba. Kunya nake ji, kuma ina kewar yayana. In nemi wani mai gabatarwa in ci gaba ne, ko in rufe shirin kowa ya huta?

Ƙanwar Makanike

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ƙara miki duka ba, wanda kika yi wa kanki ya isa. Son a gyara sauti ba laifi ba ne. Shi ma Yayan, da ya buɗe baki tun ranar farko ya ce takardar nan ba ta yi masa ba, da ba a kai nan ba. Amma ki fahimce shi. Babba ne, ya ga ƙanwar da ya sa a makaranta tana nuna iliminta, sai ya haɗiye don kar ya rage miki ƙarfin gwiwa.

Kuskurenki shi ne ba ki tsaya kin tambayi kanki me mutum dubu uku suke zuwa ji ba. Sauti mai tsabta yana ko'ina. Makanike suka biyo, da ƙarar garejinsa, da daɗin jin tambayarsu ta fito da muryarsu. Ke kuma kika bi ɗaya bayan ɗaya kika kwashe, kina ganin gyara kike yi. Wanda ya saba samunku ranar Asabar, in ya leƙo sau biyu bai tarar ba, da wuya ya leƙo na uku. Wanda motarsa ke tsaye kuwa ba shi da haƙurin minti huɗu na kiɗa.

Tambayoyinki biyu duk ki ajiye su. Sabon mai gabatarwa zai zame wa Yaya mari na biyu. Rufe shirin ba da saninsa ba kuma, yanke hukunci ne ke kaɗai a kan abin mutum biyu, wato halin da ya kawo ki nan.

Ki same shi lokacin da yake shi kaɗai, ki faɗi laifin ba kwana-kwana: kin kunyata shi a gaban baƙo a kan karatun da ya bari dominki. Ban da irin ban-haƙurin nan na wai in an ɓata maka rai, kin san kin ɓata. Ranar kada ki sako zancen shiri ko da wasa, don kar ya ɗauka muryarsa kika zo nema, ba shi ba. Kada kuma ki sa ran zai sake nan take, yana iya cewa ba komai alhali da saura. Ki ci gaba da zuwa.

In daga baya shi da kansa ya tayar da maganar, ku koma yadda kuka fara: rana ɗaya tsayayya, tambayar direba tun a minti na farko, ke ki riƙe tacewa ki bar masa bakinsa. Masu saurare suna iya dawowa, amma a hankali. In kuma bai tayar ba, ki haƙura da shirin, zafin wannan asarar mai wucewa ne. Yayan da ya riƙe ki guda ɗaya ne, kuma wata huɗu ya yi yana jiran kalmar da ke kaɗai za ki iya faɗa masa. Ki je a makon nan.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya daidaita tsakaninku.