Na Dafa wa Ɗiyata Makaroni, Inna Ta Kama Ni

Zuwa ga Gwaggo Atika,

Don Allah Gwaggo ki taimake ni. Ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da rubutun ya karkace, don a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, kuma abin da ke cina ba wanda zan iya faɗa wa a garinmu.

Ni tela ne a Bahindi, ƙasar Bagudo. Matata Rahmatu 'yar Dendawa ce, mutanenta suna can hayin iyaka cikin ƙasar Dahomi. Allah ya ba mu ɗiya guda, ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa muke kiranta Sabuwa. Ba ta kai lokacin yaye ba aka ga Rahmatu da wani cikin, dole aka cire ta daga nono ba shiri. Cikin kuwa ya zo da laulayi mai tsanani, har uwar Rahmatu ta taso da kanta ta tafi da ita gida, aka ce sai ta haihu ta gama wanka. Sabuwa aka bar wa Inna, wato mahaifiyata.

Gwaggo, ba zan ci amanar Inna ba. Ko tsuntsu ba ya yi wa ɗansa abin da take yi wa yarinyar nan. Ta sayi 'yar tukunya musamman dominta. Ta dama kunun gero, ta dama fura da nonon da Batulu Bafulatana ke kawo mana da ɗuminsa, ta murje tuwo cikin miyar kuka har ya zama kamar ruwa. Ta yi waƙa, ta yi rawa, tsohuwa da ciwon gwiwa. Sabuwa sai ta kurɓa kaɗan ta rufe baki gam, ta juya kai tana kallon ƙofa. Muna ji muna gani wuyanta ya zama siriri, gashinta ya soma ja, rigar da na ɗinka mata ta bikin 'yancin kai, wadda a lokacin ta yi mata cif, yanzu kamar an rataya a kara.

Ga shi ita ce 'yar fari. Kin san al'adarmu, ban taɓa ɗaukarta a gaban Inna ba, ko kallonta sai dai da wutsiyar ido. In ta yi kuka sai in fita waje in tsaya bayan danga ina saurare. Mutane suna ganin ban damu ba, alhali ko allura na zo zurawa hankalina yana kanta.

Wata rana ina kan keke sai na tuna wani abinci da Rahmatu kan yi. Yayanta yakan kawo mata shi daga kantunan Faransawa, suna ce masa makaroni, kamar guntayen kara ne masu rami, da alkama ake yi. Takan haɗa shi da tumatir da albasa da ganye, kafin in gama wuyan riga ɗaya ta sauke. Sabuwa kuwa hannu bibbiyu take ci. Inna ba ta taɓa kai shi baki ba. Takan ce ita Allah ya raba ta da tanar Faransa, ga gero ga dawa. Da wasa take faɗa, su yi ta dariya ita da Rahmatu, don tsakaninsu babu komai sai alheri.

Sai na roƙi abokina Arzika, mai jirgin ruwan da ke zuwa cin kasuwar Dole Kaina, ya samo mini ƙunshi ɗaya. Da ya kawo sai na ce wa Inna a ba ni yarinyar in kai ta shago in auna ta, zan rage mata riga. Na saki asabari, na ɗora tukunya a kan murhun gawayin da nake hura wa dutsen guga. Ni da ko ruwan zafi ban taɓa dafawa ba! Ranar farko cikin ruwan sanyi na zuba shi, ya narke ya zama talge. Washegari kuma na sauke da wuri, yana ƙaras-ƙaras kamar ɗanyen rogo. Sannu a hankali dai na samu ya ɗan yi kama da na uwarta. Na zaunar da ita a cinyata na kai mata baki. Ta shinshina, ta dube ni, ta buɗe baki. Gwaggo, ta ci. Ta kama hannuna da kanta tana jawowa. Hawayena har a kan yadin mutane.

Daga nan kullum sai na ƙirƙiro dalili. Yau hannun rigar bai zauna ba, gobe kalmasa ta warware. Har Inna ta ce wannan riga ta fi babbar rigar hakimi wuyar ɗinki. Abin da ban hango ba shi ne, yarinyar tana komawa gida a ƙoshe, ɗan abin da take karɓa a hannun Inna ma ta daina. Inna ta ɗaga hankalinta. Ta karɓo rubutu wurin malam, ta yi turare, ita kanta ta rage cin abinci, wai ta yaya za ta haɗiyi loma takwararta na zaune da yunwa. Na so in faɗa mata, bakina ya yi nauyi. In ce me? In ce ɗanta namiji yana girki a kasuwa? In ce abin da ta kira tanar Faransa shi jikarta ta zaɓa ta bar tuwonta?

Ranar Jumma'ar da ta wuce, Inna da ba ta taɓa taka shagona ba ta biyo mu da ƙwaryar kunu, saboda yarinyar ba ta sha komai ba da safe. Ba mu ji zuwanta ba sai da ta ɗaga asabari. Ga ni zaune a tabarma, 'yar fari a cinya, ina ba ta a baki, ina rera mata waƙar Dendanci ta uwarta wadda ko ma'anarta ban sani ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Inna ta tsaya tana kallo har Sabuwa ta cinye. Sannan ta ce, "Ashe tana ci. Alhamdu lillahi." Ta sunkuya ta goge wa yarinyar baki da gefen zanenta, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Tun ranar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. In rana ta ɗaga sai ta yi wa Sabuwa wanka, ta shafa mata mai, ta zaunar da ita a bakin zaure, ta ce wa iska, "A kai ta wurin ubanta." 'Yar tukunyar nan kuwa ta wanke ta ta kife a gindin rumbu. Duk sanda na gifta na gan ta a kife sai in ji kamar an soke ni.

Arzika ya ce in ba shi yarinyar ya kai wa uwarta kowa ya huta, amma kogi ya cika, kuma Rahmatu da kanta take fama. Makaronin ya kusa ƙarewa. Sabuwa tana tsince ganyen tana zubarwa, gashin kuma bai daina ja ba. Gwaggo, yaya ake dafa abin nan daidai? Abin kunya na yi? Kuma ta wace ƙofa zan shiga wurin Inna?

Naki,
Tela mai zullumi, Bahindi

Amsar Gwaggo Atika

Ɗana Tela,

Ka ɓoye sunanka, amma teloli nawa ne a Bahindi masu mata 'yar Dahomi? To, kada ka damu, babu abin ɓoyo a takardarka. Fatake suna girki a zango, masu jirgi suna girki a kan ruwa, mai tsiren kasuwarku ma ai ba zane yake ɗaurawa ba. Uban da ya ga ɗiyarsa tana ramewa ya hura wuta bai yi abin kunya ba. Alkunyar ɗan fari ado ce, kuma na yaba da ka riƙe ta, amma ba a yin ado da yunwar yaro.

Inda ka yi kuskure shi ne shirun. Ina ganin ba makaroni ne ya ɓata wa Inna rai ba, ba kuma ganin yarinyar a cinyarka ba. Ka bar tsohuwa tana zarya gidan malam, tana hana cikinta abinci, kai kuwa ka san jikarta a ƙoshe take. Da ta gano, ka ji abin da ya fara fita daga bakinta: godiya ga Allah. Wannan mace ce mai girma. Kife tukunyar nan ba fushi ba ne, gani take an gama da ita. Aikinka ka nuna mata ba a gama ba.

Kafin komai, ka kai Sabuwa wurin malamin asibiti a Bagudo ya duba ta, kuma ku tafi da Inna, ita za ta goya ta. Jan gashi da rama bayan yaye ba abin jira ba ne, musamman in ka ga ƙafafu sun soma kumburi. Makaroni kansa alkama ce kawai, yana cika ciki amma ba shi kaɗai ke gina jiki ba. Abin da ke tare da shi ne magani.

Ga yadda za ka yi. Ruwa ya tafasa sosai tukuna, ka sa ɗan gishiri, ka kakkarya makaronin ƙanana ka zuba, ka motsa don kada ya haɗe. Ka riƙa ciro ɗaya kana latsawa. In ya lotsa tsakanin yatsu biyu bai narke ba, ya yi, sai ka tsiyaye ruwan amma ka rage kaɗan. A wata tukunyar ka soya albasa da tumatir da man gyaɗa ko man shanu, ka sa kabewa da aka yanka siri-siri da ɗan ruwan nan da ka rage, ta nuna lugub, ka farfasa ta da ludayi. Kabewa tana da zaƙi, yara ba sa ƙin ta. Ganyen da take tsincewa, manya kake barinsa. Alayyafo ne ko zogale, a yanka shi kamar gari ko a kirɓa a turmi, a zuba daga ƙarshe ya yi laushi ya ɓace cikin miyar. Ku da ke bakin kogi, busasshen kifi bai fi ƙarfinku ba: a cire ƙaya tsaf, a daka, a barbaɗa. Ranar da babu kifi a sa dafaffen wake da aka murje ko ƙullun gyaɗa, in an samu ƙwai a fasa. Ban da barkono. Sai a juye makaronin a ciki, a gauraya, a bari ya huce. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada a yi mata ɗure, kuma ku ci tare da ita a kwano ɗaya, don yaro abin da ya ga ana ci yake so.

In ƙunshin ya ƙare kada hankalinka ya tashi. Mata a Kano suna murza irinsa da hannu daga garin alkama, suna ce masa taliya. Kuma wannan miyar in ta saba da ita, za ta ci ta da shinkafa, za ta ci ta da tuwo mai laushi. Nonon Batulu ma kada a yanke.

Shawarar Arzika ba ta banza ba ce, don rabin ciwon yarinyar nan kewar uwa ce. Amma ba a ɗora wa mai laulayi goyo, ba a kuma sa yaro ramamme a cikakken kogi. Abin da zai kai shi ne saƙo: a gaya wa Rahmatu ɗiyarta tana ci, a tambayo ta abin da take sawa a nata. In an sauka lafiya ruwa ya ja, sai ku tafi suna gaba ɗayanku.

Yanzu ga ƙofar da ka tambaya. Gobe kada ka kai yarinyar shago. Ka ɗauko ragowar makaronin da kabewa da ganye, ka shiga cikin gida, ka durƙusa gaban Inna ka ce ta yafe maka ɓoyon da ka yi. Kada ka tsawaita. Sannan ka gaya mata gaskiya, cewa yarinyar tana zubar da ganyenka kuma hannunka bai iya miya ba, ka roƙe ta ta karɓi aikin. Kai ka tafasa makaronin, ita ta yi miyar, ita kuma za ta fara ba ta a baki. Wataƙila ta ce ita ba ta taɓa tanar Faransa. Ka zauna dai, ka ci gaba da hura wuta. Kakar da ta yi rawa da ciwon gwiwa ba za ta iya kallon ɗanta yana yanka kabewa a karkace ta ƙyale ba. In ta karɓe wuƙar, ka sakar mata. In ta ɗanɗana ta ce gishiri bai ji ba, kada ka yi musu, ka miƙa mata gishirin.

Allah ya raya Sabuwa, ya sauki Rahmatu lafiya, ya ƙara wa Inna tsawon rai. Ka gaishe mini da ita da kyau.

Taku,
Gwaggo Atika