Har Sai Amarya Ta Yi Ƙwai

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga 'yata Zakiya, likitar dabbobin gobe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya mutanen Brazil? Mu lafiya lau, sai dai hannuwana da suka yi laushi kamar na jariri. Ga dalili.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa da muka sauke wa kaya a tasha ya ba ni 'yan tsuntsaye biyu rawaya, 'yan can wajenku. Ɗaya goshinsa kamar ɓawon lemo, ɗayan ya koɗe, bayansa zane-zane. Na haɗa su keji ɗaya, na raɗa musu Ango da Amarya. Mamanki ta leƙa ta ce, "Husaini, amaryar taka ta fi angon waƙa. Duk maza ne." Ni kuwa, farfesan aji huɗu na firamare, na ce, "Wallahi ni zan riƙa wanke kwanuka har sai Amarya ta yi ƙwai!" Ta ce halas, wato shi ke nan, ta miƙo mini soso.

Tun Rajab nake ciki. Ga hotonsu nan. Yalla, maza duba littafinki ki gaya mini ranar da Amarya za ta sauka.

Babanki,
Husaini Jaji

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, kai da Mama. Na yi dariya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ka yi haƙuri, Mama ta yi gaskiya, har da ƙari: ba ma irinsu ɗaya ba. Mai goshin lemo, a nan kanarin ƙasa ake ce masa. A kogon bishiya suke sheƙa, kuma mafaɗaci ne. Amarya kuwa namijin wani iri ne dabam, su a ƙasa cikin ciyawa suke ƙwai. Cin gero kawai ya haɗa su. Don Allah ka raba musu keji kafin Ango ya fige ta. Ya fige shi, nake nufi.

Rantsuwar kuma, ka tambayi limamin unguwa batun kaffara.

Allah ya ƙara girma,
Zakiya

*

Ya binti,

Gaisuwa a gurguje. Na raba auren, ba a ko nemi sulhu ba. Amarya yanzu sunansa Usman, waƙa yake kamar an ba shi iƙama, takardar zaman Saudiyya.

Liman ya ce in ciyar da miskinai goma. Mamanki da kanta ta dafa musu shinkafar kabsa, suka ci, suka sa albarka, suka tafi. Na miƙe ƙafa ke nan ina hamdala, sai ga soso a cinyata. Ta ce, "Kaffara ta wanke ka wajen Allah. Ni ba ta wanke mini ko cokali ba."

Ki yafe ɗigon ruwan da ke takardar. Shinkafar ta kama gindin tukunya, ga ta can na jiƙa tana jirana.

Babanki, mai soso