Almu Ba Zai Kayar da Kawunsa Ba

Mamuda Ɗanjuma Tsauri,
Malamin Tarihi kuma mai kula da wasanni,
Sakandaren Jeka-ka-dawo,
Kurfi, Jihar Katsina.

Litinin, 19 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga:
Dakta Halimatussa'adiyya Abdu,
Shugabar Sashen Harkokin Ɗalibai,
Kwalejin Ilimi ta Tudun Alheri,
Dutsin-Ma.

Ranki shi daɗe,

GAME DA: KORAR ALMU SA'IDU, ƊALIBIN AJI ƊAYA A SASHEN AIKIN GONA, DAGA ƘUNGIYAR KOKAWA DA RIƘE MASA KATIN JARRABAWA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Hajiya tana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a madadin ɗalibin da aka ambata a sama. Ni ba mahaifinsa ba ne. Malaminsa ne tun daga ajin farko na sakandare har ya gama, kuma ni na rako shi ƙofar Kwalejinku ranar da ya fara karatu. Iyayensa manoma ne, ba su saba shiga ofis ba, shi ya sa suka ce in yi magana da bakinsu.

Kamar yadda Hajiya ta sani, Almu ya shigo ne ta gurbin 'yan wasa, kuma dokar Kwaleji ta ce duk wanda aka kora daga ƙungiyarsa bisa laifi, za a karɓe gadonsa a ɗakin kwana, a riƙe katinsa na jarrabawa. An yi masa duka biyun. Ranar Litinin, 2 ga Fabrairu, za a fara jarrabawar zangon farko. Idan bai zauna ta ba, gurbinsa ya tafi. Ga yadda aka kawo nan.

1. Kwaleji ce ta nemi Almu, ba shi ya neme ta ba. A kakar 2024, a kokawar da ake yi bayan girbi a bakin madatsar ruwa ta Zobe, yaron ya kayar da manyan da suka daɗe ana jin sunansu, har labari ya kai kunnen Jami'in Wasanninku, Malam Jibril. Shi da kansa ya zo Kurfi cikin mota mai tambarin Kwaleji, ya zauna kan tabarmar mahaifin Almu, ya sha fura, ya nemi ƙari. Wanda ya dama masa furar a ranar shi ne Yero, ɗalibinku na ajin ƙarshe kuma kyaftin ɗin ƙungiyar kokawa. A nan aka gabatar masa da Yero a matsayin kawun yaron, ƙanen mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya masa kokawa tun yana ƙarami, ya kuma ɗaura masa warkinsa na farko. Malam Jibril ya ce ma sha Allahu, gida ɗaya zakaru biyu. Kafin ya tafi ya karɓi wani hoto da aka ɗauka a Zobe. Shi ne hoton nan da aka faɗaɗa aka rataya a babbar ƙofar Kwaleji, aka rubuta "Gidan Zakaru" a ƙasansa. Ina roƙon Hajiya ta riƙe wannan a zuciya, domin nan gaba kaɗan za a ga Malam Jibril ya manta da shi duka, ban da furar.

2. Zangon farko bai zo wa Almu da sauƙi ba, kuma bai taɓa kawo mini kukan kowa ba. Yaron da ya saba kokawa kan yashi, makaɗi na bayansa, aka ba shi katifar roba da usur. Aka ba shi wata matsattsiyar riga, wadda ya daɗe yana ɗora gajeren wando a kanta don kunya, abokansa na yi masa dariya. Da an sallame Asuba za a fita atisaye, ba a dawowa sai laccar farko ta yi nisa, ya shiga aji da gumi a wuya ya zauna can baya, idonsa na rufewa yana buɗe shi da ƙarfi. Da ya kai maganar Sashen Wasanni, aka ce karatu ba huruminsu ba ne. Da ya kai ta wurin malaman aji, suka ce wasa ba huruminsu ba ne. Na je na ga ofisoshin biyu da idona: bango ɗaya ne ya raba su, kuma da alama bango ne mai kauri ƙwarai.

Ana cikin haka Malam Jibril ya ɗora shi kan sikeli, ya ce ya yi nauyi, sai ya sauko zuwa rukunin da ke ƙasa da nasa. Almu ya bar tuwon dare, ya koma shan kunu, ya sauko. Babu wanda ya tsaya ya duba cewa rukunin da ake tura shi nan ne Yero yake. Duk da wannan, yaron yana aron littafin abokan aji ya kwafa, ranar Asabar ya kawo mini abin da bai gane ba mu duba tare. Gwajin farko ya faɗi, na biyu ya haye. Ya fara sabawa. Har ya fara ce wa ɗakin kwana "gida", mahaifiyarsa Kande tana yi masa tsiya a kai.

3. Ranar Asabar, 6 ga Disamba, 2025, aka yi karawar fitar da waɗanda za su wakilci Kwaleji a gasar kwalejoji, mutum ɗaya daga kowane rukuni. Sai aka haɗa Almu da Yero. Koci Gidiyon, mai horar da ƙungiyar, wanda mutumin Filato ne kuma bai fi shekara biyu a garin nan ba, ya je ya sami Malam Jibril ƙarƙashin rumfa, ya shaida masa cewa waɗannan biyu ba a haɗa su, ko a garinsu ma ba a yin haka. Amsar da ya samu, a gaban ɗalibai, ita ce sikeli bai san kawu ba. Gaskiya ne, ranki shi daɗe, sikeli bai san kawu ba. Na ɗauka dalilin da ya sa ake ajiye mutum kusa da sikelin ke nan.

Almu ya shiga fage. Aka busa usur. Ya tako har gaban kawunsa, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannun dama, ya gaishe shi yadda yake gaishe shi kowace safiya. A kokawa, wanda ya dafa ƙasa ya sha kaye. Yero ya sunkuya ya ɗago shi. Ɗaliban Kurfi da na garin Shema da ke wurin ba wanda ya yi ihu, tafi suka yi, domin duk sun san abin da suka gani.

Zan yi bayaninsa a taƙaice, ba don Hajiya ba ta sani ba, sai don ya shiga fayil, tunda na lura abin da bai shiga fayil ba bai faru ba. A wurinmu ɗa ba ya kai bayan kawunsa ƙasa a gaban jama'a, kuma yaro ba ya kayar da wanda ya ɗaura masa warki. Da Almu ya yi, da mahaifiyarsa ba ta ƙara shiga gidan ubanta da kai a ɗage ba, kuma babu makaɗin da zai sake kiran sunansa daga Kurfi har Zobe. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko masu tallar gyaɗa a bakin fage sun san shi. Malam Jibril haifaffen ƙasar nan ne. Ina kyautata masa zato cewa wayar da yake latsawa a lokacin tana ɗauke da muhimmin aikin Kwaleji.

4. Ranar Laraba, 10 ga Disamba, kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya tuhumi Almu da "haɗa baki da sayar da wasa". An yi zaman da Turanci daga farko har ƙarshe. Aka tambaye shi ko da gangan ya dafa ƙasa, ya ce e. Aka rubuta cewa ya amsa laifinsa, aka sallame shi. Ba a tambaye shi dalili ba. Ba a kira Koci Gidiyon ba. Ba a faɗi wa aka sayar wa wasan ba, ko abin da aka karɓa. Yero kuwa ba a taɓa shi ba, domin ana bukatarsa a gasa, kuma ina murna da hakan, don bai yi komai ba. Sai dai na daɗe ina koyar da tarihi, na karanta makirce-makirce iri-iri, amma wannan ne karo na farko da na ji mutum ya haɗa baki shi kaɗai.

5. Ranar Alhamis, 8 ga Janairu, Sashen Wasanni ya kira Almu ya ce an yi masa sassauci. Sassaucin shi ne a sake karawar, da Yero dai, ya yi kokawa da gaske. In ya yi, a mayar masa da gado da kati. Wato an ga inda ƙafar ke ciwo, aka ce a sake takawa a nan don a tabbatar.

Yero ya nemi ya janye ya bar wa yaron gurbin, aka ce an riga an aika sunansa. Sai ya hau mota ya zo Kurfi. Ina zaune a gidan lokacin da ya roƙi Almu a gaban yayarsa Kande, yana cewa shi ya yafe, bayansa ba ƙwai ba ne, ya kayar da shi kawai a wuce wurin, karatu ya fi bayan kawu. Har tsokanarsa ya yi, wai ko tsoro yake ji ne. Kande tana gefe tana ta tsince wake a faifai. Almu ya ɗago kai ya dubi kawunsa. Da ya buɗe baki, cewa ya yi idan wannan ce kaɗai ƙofar, to a bar shi ya tafi Zobe noman albasa, Allah bai ce sai ta kwaleji zai ci abinci ba. Ban matsa masa ba. Shekaru na yi ina koya wa yaran nan girmama na gaba, ba zan warware shi a yini ɗaya don a gyara wa wani jadawalinsa ba.

6. Tun da aka karɓe gadonsa, Almu daga Kurfi yake zuwa kullum, a bayan babur ɗin wani maƙwabcinsu mai kai kaya kasuwar Dutsin-Ma, kuma Hajiya ta san halin da hanyoyinmu ke ciki. Bai fasa lacca ba, alhali ya san babu kati. Yanzu ma shi ke riga kowa shiga aji, tunda an raba shi da atisaye. Wannan kam sai a yaba wa kwamiti, ya warware matsalar da ofisoshi biyu suka kasa. Har yau bai koma cin tuwon dare ba. Mahaifiyarsa ta tambaye shi dalili, ya ce wataƙila a kira shi, kada a tarar ya yi nauyi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Hajiya ta duba waɗannan:

(a) A sakar wa Almu Sa'idu katinsa kafin ranar 2 ga Fabrairu, ya zauna jarrabawar da ya sha wuya a kanta.

(b) A mayar masa da gadonsa da gurbinsa a ƙungiya.

(c) A goge kalmar "sayar da wasa" daga fayil ɗinsa. Yaro ne, wannan tambari zai bi shi duk inda ya nemi aiki.

(d) A saurari Koci Gidiyon, wanda ya ce a shirye yake ya maimaita abin da ya faɗa ƙarƙashin rumfa.

(e) Idan Kwaleji tana shakkar ko yaron ya iya kokawa, ta kawo masa duk wanda take so, daga kowane rukuni, kan katifa ko kan yashi. Ko cikin 'yan kwamiti akwai mai sha'awa, za mu ara masa warki. Mutum ɗaya ne kawai a faɗin Kwalejin nan ba zai kayar ba.

Daga ƙarshe, ranki shi daɗe, ina da wani ƙaramin roƙo wanda ba ya bukatar zaman kwamiti. Gobe da safe, idan direba ya kawo ki babbar ƙofa, ki sa ya ɗan sassauta, ki ɗaga kai ki dubi hoton nan na "Gidan Zakaru". Za ki ga Almu a sama, hannuwansa a ɗage, yana dariya. Sai ki dubi ƙasa kaɗan, ki ga wanda ya ɗauke shi a kafaɗa, fuskarsa rabi a rufe da ƙafar yaron. Yero ne. Wannan kafaɗar ce Kwaleji ta ce sai Almu ya kai ta ƙasa kafin a ba shi takardar jarrabawa. Idan hukuncin zai tsaya yadda yake, to muna roƙon a sauke hoton a ba mu. Kande ta ce tana da bangon da za ta rataya shi.

Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri. Ba halina ba ne. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da basira, ya sa ta gama da aiki lafiya.

Naki cikin girmamawa da biyayya,

Mamuda Ɗanjuma Tsauri
A madadin Malam Sa'idu da Malama Kande, iyayen ɗalibin.

Kwafi zuwa ga:
Shugaban Kwaleji.
Jami'in Wasanni, Malam Jibril.