Murhun Gashina da Alewar Wagma

Litinin, 6 ga Oktoba

Kai mai leƙen littafin tsohuwa, tunda ka buɗe, canki wannan: ja ne kamar alewa, a murhu ake gasa shi, ba ya shiga bakin kowa. In ya gasu ya fita gida fes, in bai gasu ba ya bar kashi a bakin ƙofa. Mene ne?

Yau ma ban runtsa da rana ba. Wagma jikata tana tsakar gida tana kankare hancin bindigarta, ƙiiii, har cikin haƙorana.

Talata, 7 ga Oktoba

Na ce ta nuna min hancin. Wani ƙarfe ne da aka ɗaura a bakin bindigar, da ramuka a samansa. Wai ta nan iskar harbi ke fita don kada bindigar ta yi tsalle. Ramukan sun cushe da dalma kamar hancin mai mura.

Na ce, "'Yan matan Peshawar na sa lalle, ke kina fyace wa ƙarfe majina."

Ta ce, "Kaka, ke ma in kin toshe ni zan fyace miki."

Ja'ira.

Harsasai masu rigar jan ƙarfe ba sa yin haka, amma babu irin nata a shagunan garin nan. Shi ya sa take shafa wa na dalma garin fenti ta gasa su a wani tsohon murhu a bayan gida.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ɗana Baryalai, baban Wagma, ya dawo daga ofis da fuskar nan ta ubansa. A gasar da ta wuce hayaƙi ya rufe mata gilashin saiti, harbinta ya watse, ta fito tana kuka a gaban maza. Yau ya yanke: gasar Lahore ita ce ta ƙarshe in bindigar ta sake ba ta kunya. Kuma ko allura ba zai ƙara sayowa ba.

Na ce, "Kai da aka kai ka harbin fakara ka harbe bokiti?"

"Inna, don Allah."

Bai yi dariya ba. Ita ma.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Matan layi sun zo karatu. Biskit ɗina na nankhatai ya ƙare kafin shayin ya huce. Bibi Shirin ta naɗe biyu a gefen mayafi, tana zaton ban gani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

An gano ɓarawon. Ta ɗora ƙwaya ɗaya a kan dutse ta maka mata guduma, fentin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Gasasshe ba ya ɓarewa ko an mai da shi faifai, in ji ta. Murhunta ne maƙaryaci, ya ce ya yi zafi alhali ɗumi ne.

Sai ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon nawa. Nawa mai fanka a ciki, wanda bai taɓa ƙona min gindin biskit ba.

Na ce, "Ɗauke idonki."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce."

Ni na tambaya, ba ita ta roƙa ba: in an gasa a wanke fa? Ta girgiza kai. Murhun da dalma ta shiga ya rabu da abinci har abada. Da ta yi min ƙarya ma da na ji sauƙi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

A'a. Na faɗa wa bango, na faɗa wa buta. A'a.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na je gidan Bibi Shirin in yi gulma, gulmar ta ƙi daɗi, na dawo.

Wagma ta gwada gashi a murhunta har sau nawa. Ta juya tire, ta daɗa lokaci. Guduma dai ɓare, ɓare. Ga safar hannu, ga ƙyalle a hanci, ga gumi. Na miƙa mata shayi ta taga na ce ta wanke hannu har gwiwa tukuna.

Na ce, "Wa zai auri mai warin albarushi?"

Ta ce, "Wanda ke tsoron Allah da ni."

Ta yi murmushi, amma bai kai ido ba.

Ina ƙarama a ƙauye, yayyena na fita harbin gwangwani, ni ana ba ni tsintar kwanson harsashi. Ban san me ya kawo wannan ba. Tsufa.

Talata, 14 ga Oktoba

Da hantsi na ji shiru. Shirun ya fi kankarar damuna. Na leƙa, ta naɗe bindigar a akwati, ta zauna a kan gadon igiya tana kallon ƙafarta. Ta ce za ta gaya wa babanta ta fasa, gara ta bari da kanta da a raba ta da ita.

Na ce, "Tashi ki cire min wannan murhun, ya cika min kicin."

Ta kalle ni.

"Ƙofarsa ma tana ƙara. Na gaji da shi."

"Kaka, ba ya ƙara."

"Ni da ke wa ya fi kunne?"

Ta zo za ta rungume ni na ce ba da wannan rigar ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na zauna nesa a kan kujera, wai shan iska. Tire ya fito jajir yana sheƙi. Ta ce sai sun huce. Ta ɗaga guduma, na rufe ido ɗaya. Ƙwayar ta baje, fentin na nan manne.

Na rangaɗa guɗa har Baryalai ya fito da kumfa a gemu, sabulun aski har kunne.

Da la'asar ta je filin harbi ta dawo. Ta miƙo min hancin in leƙa. Na hango sama ta ramukan.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na yi nankhatai a tukunya da yashi, irin na da. Gindin baƙi, cikin ɗanye. Bibi Shirin ta gutsura ta ce, "Yaya, hannu ya fara tsufa ne?" Ba ta naɗe ko ɗaya ba. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sun tafi Lahore tun jiya. Na ja carbi, na ajiye, na ɗauka. Na zuba gishiri a shayi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Baryalai ne, muryarsa sama kamar mai tallan kankana. Ba ta zo ta ɗaya ba, wata 'yar Karachi ce ta ɗauke. Amma bindigar ba ta yi tari ba ko sau ɗaya, ƙarafan da take harbi suna ta zubewa. "Inna, da kin ga 'yata!"

Na ce, "Yau ta zama 'yarka?"

Ya ce akwai wata gasa a watan gobe. Shi ya faɗa da bakinsa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na leƙa bayan gida, murhun ya yi ƙura, na goge shi. Don ƙurar ne kawai. Na kuma ce wa Wagma a waya ja ya ishe ni, na gaba kore za mu gasa. Za ta gasa, nake nufi.

Amsar: ƙwayar harsashin dalma ce mai fenti.