Asabari a Tagar Madam

Dogon Dutsi, daren Laraba, watan Sha'aban

Ƙafafuna sun yi tsami, amma yau zan kwana da farin ciki.

Tun da Madam, matar Kumandan Baturen mulki, ta kawo karen nan nata, kullum yana kan kujera bakin taga, yana yi wa matan da ke zuwa rijiya haushi. Da hantsi Kumandan ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce haushin ya hana shi barcin rana, in fassara wa mai gari cewa daga gobe an rufe hanyar. Ai sai mata su zagaya ta bayan dutse da tulu a ka, har da innata da ciwon gwiwarta!

Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Kuku Tanko ya ce, "Tafinta, bar wahala, iskoki karen ke gani." Na ruga gida na ciro asabarin ƙofar ɗakina, na rataya shi a tagar, na janye kujerar. Mata suka wuce, har da garken awaki. Karen ya shinshina asabarin, ya yi hamma, ya kwanta. Sai ya lashe mini hannu, ja'iri.

Kumandan ya ce a bar hanyar a buɗe.

Na je gaida Inna ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta janye tulunta ta ce, "Madalla. Je ka wanke hannun nan sau bakwai tukuna."